Yadda Za Ka Rage Masu Juyawa Daga Bakin Ƙofar Shafinka

Adadin masu juyawa shi ne kason ziyarar da aka kawo wa shafinka na intanet aka fita ba tare da an yi komai ba. A Google Analytics 4, tsarin Google na ƙididdige ziyarar shafuka wanda ya maye gurbin tsohon tsarin kamfanin a Yulin 2023, ziyara tana shiga wannan lissafi ne idan ba ta wuce daƙiƙa 10 ba, ba a buɗe shafi na biyu ba, kuma ba a yi wani muhimmin aiki kamar saye ko rajista ba.

Ka fara da saurin buɗewa, domin a ganina nan ne babbar matsalar take. Mutumin da ke riƙe da ƙaramar waya, datarsa ta kusa ƙarewa, ba zai zauna yana kallon farin allo har wani ƙaton hoto ya gama sauka ba. Ka gwada shafin da PageSpeed Insights, kayan aikin Google na auna saurin buɗewar shafi, ka rage nauyin hotuna ta hanyar mayar da su WebP, wani tsarin ajiye hoto mara nauyi, sannan ka cire tallan da ke rufe fuskar waya tun kafin a karanta layin farko.

Bayan haka, ka tabbatar kanun shafin ya dace da abin da ke ciki. Wanda ya zo neman farashin keken ɗinki ya tarar da tarihin kamfani, juyawa zai yi. Ka sa farashin a sama, da mahaɗi zuwa kayan da suka danganci keken.

Sai dai ba kowace juyawa ce asara ba, domin mai duba lokutan salla yakan sami biyan buƙata cikin daƙiƙa biyar ya tafi. Don haka ka riƙa duba adadin kowane shafi daban.