Yadda Ɗakin Sa Ido na Gidan Caca Ke Gano Masu Ƙidayar Kati

A manyan gidajen caca irin na Las Vegas, akwai wani ɗaki da ɗan caca ba ya taɓa ganin ƙofarsa, inda ma'aikata ke zaune gaban allunan talabijin suna bin abin da kyamarorin da ke maƙale a rufi suke ɗauka. Kafin zuwan kyamara, masu wannan aiki kan bi ta wasu siraran hanyoyi a saman rufi suna leƙen tebura ta madubin da ba a ganin na bayansa. Ana ware wannan sashe daga masu kula da tebura, kuma ba a ƙarƙashinsu yake ba, domin su ma suna cikin waɗanda ake sa wa ido.

Wanda zai koyi aikin ya fara da kallon mai rabon kati kafin ya juya ga 'yan caca. Kowane motsi na mai rabo yana da ƙa'ida: yadda yake cakuɗa kati, yadda yake baje kwabban caca a kan tebur kafin ya biya domin kyamara ta iya ƙirga su, da yadda yake buɗe tafukansa ya nuna wa kyamara babu komai a ciki duk lokacin da zai bar tebur. An tsara waɗannan ƙa'idoji ne don idon da ke sama ya saba da su, ta yadda da zarar an kauce ko kaɗan zai lura. Haɗin baki tsakanin ma'aikaci da ɗan caca yana cikin abubuwan da gidan ya fi tsoro, shi ya sa ake farawa daga nan.

Daga nan sai a koyi wasan da kansa, musamman bilakjak, wanda ake neman jimillar kati ta kusanci 21 ba tare da ta wuce ba. Wannan wasa ya bambanta da yawancin sauran domin katin da ya fita ba ya komawa sai an sake cakuɗawa, saboda haka abin da ya riga ya fita yana canza darajar abin da ya rage. Masanin lissafi Edward Thorp ne ya bayyana wa jama'a wannan a littafinsa na 1962, kuma tun daga lokacin gidajen caca ba su sake sakin jiki ba. Tsarin ƙidayar da aka fi amfani da shi mai sauƙi ne: duk katin da ya fito daga 2 zuwa 6 a ƙara ɗaya, daga 7 zuwa 9 ba a ƙara komai, katin 10 da masu hoto da as (katin da ke ɗauke da harafin A) kuma a rage ɗaya. Sai a raba jimillar da yawan fakitin kati (kowane fakiti kati 52 ne) da ya rage a akwatin da ake rabo daga cikinsa. Idan jimilla ta kai 8 kuma saura fakiti 4, ainihin ƙidaya 2 ke nan. Idan lambar ta yi sama, manyan katuna sun yi yawa a cikin abin da ya rage, kuma rinjaye ya fara komawa wajen ɗan caca. Ma'aikacin da ba zai iya yin wannan lissafi da saurin rabon kati ba, ba zai gane mai yin sa ba.

Cin kuɗi ba hujja ba ne, kuma a nan ne sababbin ma'aikata da shugabannin tebura masu saurin firgita suka fi yin kuskure. Rinjayen ƙwararren mai ƙidaya bai cika wuce kashi ɗaya ko ɗaya da rabi cikin ɗari ba, don haka yana iya yin asara kwanaki a jere, yayin da wanda bai san komai ba zai iya kwashe kuɗi masu yawa a dare guda saboda sa'a kawai. Korar irin wannan mai sa'a asara ce ga gidan, tunda da an bar shi da ya dawo da kuɗin har da ƙari. Abin da ake nema shi ne dangantaka tsakanin ƙidaya da yawan kuɗin da mutum ke azawa. Sai a mayar da hoton bidiyo baya zuwa farkon cakuɗawa, a riƙa ƙirga katunan hannu bayan hannu, ana rubuta ƙidayar a gefe guda da abin da ya aza a ɗaya gefen. Idan mutum yana aza dala 25 muddin ƙidaya na ƙasa, ya haura zuwa dala 300 da zarar ta tashi, sannan ya koma 25 bayan an sake cakuɗawa, wannan alama ce mai ƙarfi. Amma akwati ɗaya bai isa a yanke hukunci ba, sai an bi akwatuna da dama an ga abin yana maimaituwa, domin akwai masu ƙara kuɗi don sun ci hannun baya ko don zuciya ta ɗebe su, kuma wani lokaci hakan kan dace da ƙidaya ba da niyya ba. Akwai manhajojin kwamfuta da ake shigar wa katunan su fitar da wannan kwatanci, sai dai ingancinsu ya dogara ga wanda ya shigar da bayanan.

Yadda mutum ke buga hannunsa ma yana tona shi, wani lokaci fiye da kuɗin. Wanda ya san wasa ba ya karɓar inshora, wato ƙarin kuɗin da ake azawa idan katin mai rabo da ke buɗe as ne, domin asara ce a yawancin lokuta. Idan aka ga mutum yana ƙin ta kullum amma ya karɓa daidai lokacin da ainihin ƙidaya ta kai 3 ko fiye, to a ƙara zuba masa ido. Haka nan wanda yake riƙe da 16 a gaban 10 na mai rabo, yau ya ja kati gobe ya tsaya, kuma sauyin yana bin ƙidaya. Mai ƙidaya yana iya riƙe kofin giya ya yi ta surutu don a ɗauke shi mashiririci, amma shawarar da yake yankewa a kan tebur ba ta iya ɓoyuwa sai ya sadaukar da wani ɓangare na ribarsa.

Ƙungiyoyi sun fi wahalar ganowa, saboda an ƙirƙiro su ne don su karya wannan hanyar bincike. A salon da ƙwararren ɗan bilakjak Ken Uston ya yi suna da shi a shekarun 1970, wanda ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka suka bunƙasa daga baya, wasu kan zauna a tebura daban-daban suna aza ƙaramin kuɗi da ba ya canzawa suna ƙirgawa, idan akwati ya yi kyau sai su yi wa babban ɗan wasansu ishara, ya zo ya zuba kuɗi masu yawa, ya tashi idan ƙidaya ta faɗi. Babu ɗayansu da kuɗinsa ke hawa da sauka. Maganin shi ne a duba ƙidayar tebur a daidai lokacin da babban ɗan wasan ya zauna, sannan a waiwayi hotunan kwanakin baya a ga ko fuskoki guda ne ke riga shi zama.

Ba ƙidaya ce kaɗai hanyar samun rinjaye ba. Akwai masu neman mai rabo mai sakaci wanda ke ɗan ɗaga katinsa na rufe, su zauna a kujerar da za su hango shi, kuma ana gane su ne da shawarwarin da ba su da ma'ana sai ga wanda ya san abin da ke ƙasa. A 2012, fitaccen ɗan caca Phil Ivey ya ci fam miliyan 7.7 a gidan Crockfords na Landan a wasan kati na bakara, bayan an shawo kan mai rabo ta riƙa juya wasu katuna ta yadda ɗan bambancin zanen bayansu zai bayyana su. Gidan ya ƙi biya, kuma a 2017 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce abin da ya yi maguɗi ne. Duk wata buƙata ta musamman da babban ɗan caca ya kawo da sunan camfi, kamar a riƙe fakiti ɗaya ko a juya kati, ta cancanci a tambayi amfanin da za ta yi masa kafin a amince.

Matakin da za a ɗauka ya dogara ga bambanci tsakanin dabara da maguɗi. Yi wa kati alama, ko ƙara kwabbai bayan sakamako ya fito, ko amfani da na'ura wajen ƙidaya, laifuka ne a jihar Nevada, inda Las Vegas take, kuma ana kiran hukuma a kansu. Ƙidaya da kai kuwa ba laifi ba ce. A Nevada gidan yana da ikon gaya wa mutum ya daina buga bilakjak ko ya bar harabar baki ɗaya, amma a New Jersey kotun ƙolin jihar ta yanke a 1982, a shari'ar Uston, cewa gidajen cacar birnin Atlantic City da ke jihar ba za su kori mutum don ƙwarewarsa ba, saboda haka a can sai dai a yawaita cakuɗa kati ko a taƙaita abin da zai aza. Rahoton da ɗakin sa ido zai rubuta ya tsaya ga abin da kyamara ta nuna: lokaci, lambar tebur, ƙidaya, da kuɗin da aka aza, ba tare da kiran kowa ɗan maguɗi ba. Kamfanin Griffin, wanda ya daɗe yana raba wa gidajen caca kundin hotunan waɗanda ake zargi, ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2005 bayan wasu 'yan caca biyu sun yi nasara a kansa a ƙarar ɓata suna, domin ya jingina musu maguɗin da ba a tabbatar ba.