Yadda zaka rubuta fim ɗin cin amanar aure

Toh in zaka rubuta irin wannan fim kar ka yi saurin tona asiri, fara nuna mana gidan tukuna, miji da mata ɗaki ɗaya amma kowa na danna wayarsa ba mai ce wa wani uffan. Sai na ukun ya shigo a hankali, saƙon tsakar dare, wayar da ake kifewa da an ji motsi. Don Allah kar ka maida wadda aka ci amanarta sakarya, barta ta gano da kanta. Ranar da abin ya fashe a soshiyal midiya kuma ka nuna mana yaran a makaranta ana nuna su da baki, wallahi su ake yawan mantawa a rubutu.