Kurakuran da masu jan wasan D&D suka fi yi da kobold, da yadda ake gyara su

A takarda kobold, ɗaya daga cikin dodannin wannan wasan tebur na labari da ɗan lido, ba komai ba ne. A littafin dodannin Dungeons & Dragons na 2014 makin ransa 5 ne, makin kariyarsa (lambar da sai hari ya kai kafin ya same shi) 12, ƙarfin jikinsa 7, makamansa wuƙa da majajjawa, kowanne yana cin 1d4+2, wato a jefa ɗan lido mai fuska 4 sau ɗaya a ƙara 2. Ɗan ƙaramin halitta ne mai siffar ƙadangare, yana haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa, yana bauta wa diragon. Yawancin kurakuran da ake yi da shi daga nan suke farawa: mai jan wasa, wato mai ba da labarin da ke sarrafa dodanni, ya kalli waɗannan lambobi ya ɗauka su ke nan, ya manta da kogon da kobold ya haƙa, da 'yan uwansa, da ubangijin da yake yi wa hidima.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jera kobold huɗu a tsakiyar fili da rana tsaka, su ruga da wuƙaƙe. A hasken rana kobold idan zai kai hari yana jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ya ɗauki mafi ƙanƙanta (wannan shi ne naƙasu), sara ɗaya kuma yakan kashe shi. A bugun 2014 sihirin barci na matakin farko yana kwantar da makin rai 5d8, wato kusan 22, kobold huɗu ke nan a jifa ɗaya. Faɗan ya ƙare kafin 'yan wasa su gyara zama. Gyaran shi ne a mayar da shi inda yake zaune. Kobold ƙarami ne, don haka ya haƙa hanyoyin da suka dace da jikinsa. Mutum mai matsakaicin girma da ya kutsa irin wannan rami sai ya matse: kowace ƙafa ɗaya tana cinsa ƙafa biyu na tafiya, harinsa yana da naƙasu, wanda ya kai masa hari kuma yana da fifiko, wato ya jefa sau biyu ya ɗauki mafi girma. Wannan doka tana nan a littafin 'yan wasa na 2014, amma da wuya ka ga teburin da ke amfani da ita. Ku zana babbar hanya ɗaya wadda kowa zai iya bi a tsaye, sannan ƙananan ramuka biyu ko uku a gefenta, da ƙofofin leƙe a bango, yadda kobold za su harba su ɓace.

Sai kuma wanda ya ji wannan shawara ya wuce gona da iri. Ya ce ai makin ƙwarewa, wanda 'yan wasa ke samu in sun ci dodo, 25 ne kawai kowanne, ya zuba guda takwas a kan 'yan wasa huɗu na matakin farko. Lissafin bugun 2014 ba haka yake ba. Dodanni 3 zuwa 6 ana ninka makinsu sau 2, 7 zuwa 10 kuma sau 2.5. Kobold takwas maki 200 ne, a ninka ya zama 500, alhali faɗa mai kisa ga waɗannan 'yan wasa huɗu daga 400 yake farawa. Guda huɗu faɗa ne matsakaici, guda shida faɗa mai wuya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a wannan wasa gaskiyar magana ce, domin kowane kobold yana da nasa zagayen hari. Idan kuna son a ji yawansu, ku kawo su kashi-kashi: uku a farko, uku su iso a zagaye na uku bayan an buga ƙararrawa.

Dalilin da yawan ke kisa shi ne dabarar taron dangi da littafin ya ba su, kuma a nan ake yawan karkata doka. Kobold yana samun fifiko idan ɗan uwansa yana cikin ƙafa 5 daga wanda ake kai wa harin, matuƙar ɗan uwan bai sume ba. Ba a ce shi mai harin sai ya matso ba. Saboda haka kobold ɗaya ya tsaya kusa da jarumi, sauran uku su yi ta jifa da majajjawa daga ƙafa 30, dukansu da fifiko. A kan makin kariya 14, harin kobold, mai ƙarin 4 a kan ɗan lido, yana samun mutum kashi 55 cikin ɗari. Da fifiko ya kusa kashi 80. Mai sihiri na matakin farko da ke da makin rai 7 ko 8 jifa biyu ya ishe shi. Abu biyu kuma ake ruɗewa a kai. Na ɗaya, a rana fifikon da naƙasun suna soke juna, a jefa ɗan lido ɗaya kawai, komai yawan dalilan kowane ɓangare. Na biyu, wutar itace ko fitila ba rana ba ce, ba ta naƙasa kobold ko kaɗan. Hasali ma tana tona asirin mai riƙe da ita: hasken wutar itace ƙafa 20 ne mai ƙarfi, ƙafa 20 dishi-dishi, shi kuwa kobold yana gani a duhu har ƙafa 60.

Tarko shi ne sana'ar kobold. Tun 1987 Roger E. Moore ya rubuta a mujallar Dragon, fitowa ta 127, labarin kobold na wani mai jan wasa da ake kira Tucker, waɗanda suka gigita manyan jarumai da wuta da ramuka da harbi daga ɓoye. Mutane da yawa sun ɗauki darasin rabi-rabi, suna cika kogo da tarkon da ba shi da wata alama. Abin da ke biyo baya shi ne 'yan wasa su koma dungurar kowane taku da sanda, wasan ya yi sanyi. Kowane tarko ya kamata ya bar shaida: ƙasar da aka share sabuwa, warin mai, sawun ƙananan ƙafafu da suka kauce wa wani dutse. Kuma ku daidaita cutarwar da matakin 'yan wasa. Rami mai zurfin ƙafa 10 yana cin 1d6, wannan ya isa a matakin farko. Kwalbar mai da aka kunna wa wuta tana cin maki 5. Rufin da ke ruftowa kuwa 4d10 ne, kusan 22, zai kashe kusan kowa a matakin farko nan take, ku ajiye shi sai gaba. Tarkon da ya fi aiki shi ne wanda ke tsayar da mutum a inda majajjawa za ta same shi, irin raga ko tarkon ƙarfe mai kama ƙafa. Wata dabara mai kyau: tarkon da nauyi ke tayarwa, wanda kobold zai taka ya wuce lafiya, mutum sanye da sulke ya faɗa.

Kada ku sa su faɗa har na ƙarshe ya mutu. Halitta mai makin rai 5 ta san matsayinta. Idan rabi suka faɗi, sauran su gudu ta hanyar da aka ɗana wa tarko, ko su zube suna roƙo, su sayar da sirrin kogon don su tsira.

Kuskuren da ya fi rage daɗin wasa shi ne mantawa da diragon. Tun bugu na uku, a 2000, aka tabbatar da kobold a matsayin mai jinin diragon, kafin nan siffarsa ta fi kama da ta kare. Yana jin harshen diragon, yana haƙo ma'adinai ya kai gaisuwa, yana gadin dukiya. Idan kobold ɗinku suna tare hanya ba dalili, kun yi asarar labari. Ku yanke tun farko wane diragon suke bauta wa, me ya nema a wannan wata, me zai yi musu in suka gaza. Launinsa ya bayyana a kogon: masu bauta wa jan diragon su yawaita wuta, na farin diragon su zuba ruwa a gangara ya daskare. Allahnsu Kurtulmak ne, kuma suna ƙin jinsin nom, wasu gajerun mutane na wasan, saboda allahn nom, Garl Glittergold, shi ya rufe shi a ƙarƙashin ƙasa, don haka idan akwai nom a cikin 'yan wasa shi za su fara jifa. Idan matakin 'yan wasa ya ƙaru, ku ƙara masu fukafukai, waɗanda ake kira urd, masu sako dutse daga sama da 1d6+3, ko ku ɗauko mai garkuwa da mai sihiri daga littafin Volo na 2016, ku bar talakan kobold da makin ransa 5 yadda yake.