Yadda Ake Shirya Tafiyar Fatsa da Koton Gashi a Kogin Faro

Duk wanda ya tashi a bakin Binuwai ko Neja ya san fatsa irin ta gida, wadda ake yi da sanda da zare da ƙugiya, a soka tana ko gara, a jefa a zauna jira. Akwai wata irin fatsa da ta bunƙasa a Birtaniya da Amurka wadda ba a sa mata koto mai rai, sai dai a ɗaure gashin tsuntsu da na dabba da zare mai ƙyalli a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan ƙaramin kifi. Masu sha'awarta sun daɗe da fita daga kogunan ƙasashen sanyi, suna biyan jagorori su kai su kogunan Brazil da Bolibiya da Tanzaniya da Zambiya. Ɗaya daga cikin wuraren da suka yi suna a wajensu yana maƙwabtaka da mu, wato kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ya taso daga tsaunukan Adamawa ya zuba cikin Binuwai a daidai kan iyakar Najeriya. Kogin ya bi ta gefen gandun dajin Faro, wanda aka mayar da shi gandun ƙasa a 1980, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,300, kuma kifayen da baƙi suke ƙetaro teku domin su, mu mun san su da sunayensu tun muna yara: giwan ruwa da tsage.

Abu na farko da mai niyyar tafiya zai tsayar shi ne lokaci. Da damina Faro yakan cika ya yi ja, hanyoyin daji kuma su yanke, saboda haka fatsar ta rani ce, daga watan Janairu zuwa wajen Afrilu. A wannan tsakanin ruwa yakan janye ya bar gurabe masu zurfi a tsakanin duwatsu da rairayi, ya kuma yi garau har mutum ya hango kifi yana kai da kawo. Wanda ya zaɓi Janairu zai sha sanyin hunturu da dare, sai ya tafi da rigar sanyi, wanda kuma ya zaɓi ƙarshen Maris zai haɗu da zafin bazara da yakan haura digiri 40 da rana. A shekarun nan azumin Ramadan yana faɗowa cikin waɗannan watanni, don haka ya kamata mutum ya duba kalanda kafin ya biya kuɗi, domin wuni a kan duwatsu masu zafi ana jifa da igiya aiki ne mai cin jiki ƙwarai.

Zaɓen jagora shi ne ginshiƙin tafiyar, kuma a nan ne nake ganin bai kamata a yi gaggawa ba. Kafin ka ba da ko sisi, ka tambayi kamfanin da zai shirya maka tafiyar ko yana da takardar izinin hukumar gandun daji ta Kamaru na yin aiki a wannan yanki, da masunta nawa jagora ɗaya yake riƙewa, da mutum nawa suke karɓa a mako. Jagora ɗaya ga mutum biyu shi ne abin da hankali zai kwanta da shi a kogin da ake fatsa cikin duhu. Ka tambayi yadda suke hutar da gurabe, domin gurbin da ake jefa masa ƙugiya kowane dare kifayensa sukan waye su daina kamu, kuma masu aikin kirki sukan raba kogin kashi-kashi suna zagayawa. Ka tambayi abin da suka tanada idan wani ya ji rauni, wato wayar tauraron ɗan'adam da akwatin magani da motar da za ta fitar da shi zuwa Garwa, babban birnin yankin Arewa na Kamaru. Sannan ka tambayi ko 'yan ƙauyukan yankin suna cikin ma'aikatansu, da abin da masu gadin daji suke samu daga kuɗin baƙi. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a wajena, saboda kogin yana fama da masu kafa raga ba bisa ƙa'ida ba da masu haƙar zinariya, kuma mutanen da ke zaune a gefensa ba za su tsare shi ba sai idan suna ganin amfaninsa a gidajensu. Kamfanin da ya yi ta kame-kame a kan waɗannan tambayoyi, a nemi wani.

Hanyar da aka saba bi ita ce a sauka a Garwa, daga nan a shiga mota mai ƙarfi a yi sa'o'i ana tafiya kudu ta wajen Poli. A tanadi fasfo da katin rigakafin shawara, a ga likita domin maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, a kuma yi inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya daga daji. Faransanci ne harshen ofis, Fulatanci kuma shi ne na kasuwa, kodayake Bahaushe ba zai rasa wanda zai yi magana da shi a Garwa ba.

Wajen kayan aiki, dole a fahimci abin da ya bambanta wannan fatsa da sauran. Koton gashi ba shi da nauyin da zai ja zare, saboda haka igiyar ce mai kauri da nauyi, ita ake wurgawa, koton ya bi ta. Sandunan suna da tsawon ƙafa 9 galibi, kuma an jera su da lambobi bisa ƙarfinsu. Giwan ruwa yana bukatar sanda mai lamba 12, da abin naɗe igiya mai birki mai ƙarfi, da koto mai tsawon tafin hannu ko fiye, mai duhun launi, wanda yake ture ruwa idan ana jansa. Tsage ana kama shi da lamba 9, kuma wajibi ne a haɗa guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoransa suna datse zaren roba nan take. Akwai kuma sanda mai laushi, lamba 5 ko 6, domin kifayen da ke kiwo a ruwa mai gudu a kan duwatsu da rana. A tafi da sanda ta biyu a ajiye, tunda babu inda za a sayi wata a daji idan ta farko ta karye. Sauran kayan su ne takalmi mai kama dutse, da malafa, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da farin tabarau na dare domin kare ido daga ƙugiya, da tocilar goshi, da awartakin cire ƙugiya. Tufafi su zama masu dogon hannu kuma launin kaki, saboda ƙudan tsando yana bin shuɗi da baƙi.

Kaya komai tsadarsu ba sa jefa kansu, kuma babban kuskuren sababbin shiga shi ne su bari sai sun isa kogi sannan su fara koyon jifa. Tun saura wata biyu ko uku, ka samu fili kamar na ƙwallo, ka ɗaura ɗan ulu a maimakon ƙugiya, ka riƙa gwadawa kullum ko da na minti 20 ne. Ka ɗaga sandar ka wurga igiyar baya, ka tsayar da hannunka cak daidai kunnenka, ka dakata har igiyar ta miƙe a bayanka, sannan ka turo ta gaba ka sake tsayawa cak. Dakatawar nan ita ce sirrin, wanda ya yi gaggawar turowa zai ji igiyar ta yi ƙara kamar bulala ta zube a gabansa. Idan hannu ya faɗa, sai ka koyi fizgar igiyar da hannun hagu a kowane wurgi domin ƙara mata gudu, har ka iya kai mita 20 da sanda mai lamba 12 ba tare da kafaɗarka ta gaji ba. Daga nan ka koma yin atisayen bayan magariba, domin giwan ruwa cikin duhu ake nemansa, kuma a can jikinka ne zai gaya maka inda igiyar take.

Rana a sansani takan kasu biyu. Da safe da la'asar ana tafiya a ƙasa a bakin kogi ana neman tsage a bakin gurabe da inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Ana jefa koton a ƙetare, a bar shi ya ɗan nutse, sannan a riƙa jawo igiyar da hannu da sauri kamar ɗan kawara mai gudun tsira. Idan tsage ya kai cafka, kada ka ɗaga sanda sama. Ka bar tsininta yana duban ruwa, ka fizgi igiyar da ƙarfi da hannu sau ɗaya ko biyu, domin bakinsa ƙashi ne kuma ƙugiya ba ta shiga da sauƙi. Zai yi tsalle ya girgiza kai, da yawa kuma sukan tofar da ƙugiyar su tafi, wannan ba abin ɓacin rai ba ne, haka kamunsa yake ko a hannun gwanaye.

Da rana ta yi ja sai jagora ya kai ku gurbin da ya zaɓa tun da sauran haske, ya nuna wa kowa dutsen da zai tsaya a kai, da inda duwatsun ƙarƙashin ruwa suke, da hanyar da za a bi idan kifi ya ja mutum. Ka haddace wurin da idonka kafin duhu ya rufe. Giwan ruwa yakan kwanta a ƙarƙashin duwatsu da rana, ya fito farauta idan haske ya ragu, don haka ana kashe tocila, a yi shiru, a riƙa jawo koton a hankali da dogon ja. Kamunsa yakan zo kamar an ɗaure igiyar a jikin kututture, sai kuma kututturen ya motsa. Daƙiƙun farko su ne masu wuya, domin zai nufi ramin dutse ya goga zaren ya tsinke, saboda haka sai a riƙe shi da ƙarfi, a karkatar da sanda gefe, a hana shi kaiwa. Kifi ne da yakan wuce kilo 100 a manyan ruwaye, kodayake wanda ya kai kilo 20 ma ya isa ya gwada ƙarfin mutum. Ana iya kwana biyu ko uku ba a ji ko motsi ba, kuma wanda bai shirya wa wannan jira ba zai ga kamar an cuce shi, alhali kogin daji ba ya yi wa kowa alkawari.

Gurabun da giwan ruwa yake so su ne dai gidajen dorina da kada, kashin dorina ma shi yake ciyar da ƙananan halittun da ƙananan kifi suke ci. Saboda haka maganar jagora a bakin ruwa umarni ce. Ba a shiga ruwa inda bai yarda ba, ba a tsayawa a kan turbar da dorina take bi ta fita kiwo da dare, ba a kuma raba hanya da jama'a. Idan lokacin salla ya yi, a ɗebi ruwa a buta daga sansani a yi alwala nesa da gaɓa, domin tsugunawa a bakin gurbi da magariba ita ce irin damar da kada yake jira.

Saura batun da ya fi ɗaure wa Bahaushe kai, wato sakin kifi bayan an kama shi. Wanda ya saba ganin ana ɗora giwan ruwa a kan sikeli a Argungu zai ce wannan asara ce. Dalilin shi ne manyan giwayen ruwa yawanci mata ne masu ƙwai da yawa, kuma sun ɗauki shekaru kafin su kai wannan girma, ga shi kuwa da rani duk sun taru a 'yan gurabe kaɗan. Idan kowane baƙo ya tafi da nasa, cikin 'yan shekaru gurabun za su zama kango. Sakin ma yana da ƙa'idarsa. Tun kafin a fara, a matse ɗan kunnen da ke bayan tsinin ƙugiya da awartaki domin ta fita ba tare da yaga ba. Kada a ja faɗan ya yi tsawo har kifin ya galabaita, musamman da yake ruwan yana da ɗumi. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi saboda kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, kada a ja shi kan rairayi, kada kuma a rataye shi ta baki, domin nauyinsa yana iya ɓata masa ƙashin wuya. Idan za a ɗauki hoto, mai kyamara ya shirya tukuna, a tallabo cikin kifin a ɗaga shi na 'yan daƙiƙu, a mayar. Daga nan jagora zai riƙe shi a cikin ruwa, kansa yana fuskantar inda ruwan yake gangarowa, har sai an ji ya fara kaɗa wutsiya da ƙarfi, sannan a buɗe hannu a bar shi ya koma ƙarƙashin dutsensa.