Yadda zaka bi sawun kudin tallafin waje har bakin gotar unguwarku

Duk shekara sai samari sun same ni a bes dinmu na shayi a unguwar Nima ta Akra da magana daya: wai sun ji a rediyo Turawa sun ba Gana miliyoyin dala, ina kudin? Tambayar tayi kyau, amma yawancinsu daga matakin farko suke tuntube, nima haka na fara.

Fara da aiki daya, wanda zaka iya takawa da kafa ka gani. Muradun ci gaba mai dorewa da Majalisar Dinkin Duniya ta amince dasu a 2015 guda 17 ne, wa'adinsu 2030, a karkashinsu kuma akwai kananan burika 169, in kace duka zaka bi kanka ne zai kulle. Ni kullum na 6 nake cewa a dauka, ruwa da tsafta, saboda famfo da bayan gida da gota basa buya. Je wajen aikin ka dauki hoton allon da aka kafa, sunan aikin, mai ba da kudi, dan kwangila, ranar da akace za'a gama. Ka duba kuma ko kudin na waje ne ma, don Asusun Raya Zongo da kason da gwamnati ke turawa asambli kudin gida ne, a shafukan da zan fada baza ka same su ba.

Sai ka shiga d-portal.org ka zabi Gana. Bayanan IATI ne, tsarin da masu ba da tallafi ke wallafa bayanan kudinsu a ciki, wanda ma a nan Akra aka kaddamar dashi a 2008 lokacin babban taron ingancin tallafi. In aikin na Bankin Duniya ne shafinsu na ayyuka yafi cika. Misali GARID, aikin ambaliyar kwarin Odaw da ya hada da gyaran Nima, an amince da dala miliyan 200 a 2019 aka kara 150 a 2023. Waya zata iya budewa amma takardun na cin bandil kamar wuta, gara ka biya awa daya a kafe ka sauke komai lokaci guda.

To ga inda na fadi, nan ne kuma nake so ka nutsu. Kudin tallafi suna uku gare shi. Akwai wanda a shafin zaka ga an rubuta commitment, alkawari kenan, hannu kawai aka sa a takarda. Akwai disbursement, wanda ya fita daga hannun mai bayarwa zuwa asusun aikin. Sannan akwai abin da aka kashe da gaske. Rediyo na farkon take fada don shi yafi girma. Wata rana a taron unguwa kan wani aikin bayan gida na mike gaban dattawa na karanto jimlar alkawarin gaba daya nace a fito mana dashi, wani jami'i ya bari na gama tsaf sannan yace Malam, wannan kudin na shekara biyar ne, na gundumomi da yawa ne, kuma kashi-kashi ake sakinsa, in ba'a kawo rahoton kashin farko ba na biyu baya fita. Na zauna jikina yayi sanyi, Alhajin da ke gefena yace yaro, ba'a sayen kifi a cikin ruwa. Tun ranar layi uku nake ja a littafina, an yi alkawari, an saki, an kashe, kowanne da kwanan wata. Kuma ko a wanda aka saki din, ba duka ke zama siminti ba, akwai albashin masu ba da shawara, motoci, bita a otal, diyyar wadanda aka tasa. Tambayar da ke aiki ita ce nawa aka ware wa unguwarmu, a cikinsa nawa aka biya dan kwangila.

Ka kula da lissafin sidi ma. Tun 2007 aka cire sifili hudu amma har yau iyayenmu da tsohon kudi suke kirga, in kace miliyan daya Hajiya sidi 100 take ji. Ka bar adadin a dala a littafinka, in zaka juya shi kayi da farashin shekarar da aka saki kudin, ba na yau ba.

Duba kuma kyauta ne ko bashi. Da yawan abin da muke kira tallafi rance ne mai saukin ruwa, jikokinmu zasu biya, wannan kadai ya isa ya baka bakin magana.

Hada shi da muradun kuwa, kada ka dogara da tambari mai launi-launi da ke kan allo. Mai ba da kudin ne da kansa yake manna lambar, aiki daya sai a lika masa na 3 da na 6 da na 11, in ka tara jimlar kowane muradi ka kirga kudi daya sau uku. Ka nemo alkawarin da za'a iya kirgawa a takardar aikin, bayan gida nawa, mita nawa na gota, sai kaje ka kirga. Famfon da aka bude da kida wata shida baya, yau ka murda shi ka gani.

Sauran ba wuya. Abin da baka samu a intanet ba ka rubuta wa jami'in bayanai na asambli a karkashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, kwana 14 suke dashi su amsa, ka ajiye kofi mai hatimi. Ka tafi da asambliman dinku, in da hali da wakilin sarki ko liman, kada kaje kai kadai. Bayan wata shida ka sake bude shafin ka cike layi na biyu da na uku, don masu bayarwa na iya janyewa, ka ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta tallafin waje, USAID, a 2025.