Babi na Shida: Nawa Ne Naka, Kuma Wa Ke Riƙe da Makullinsa?

In ka tambayi ɗan kasuwa yaya kasuwa, zai ce alhamdulillahi. In ka tambaye shi nawa ya mallaka, sai ya nuna maka shago da hannu. Amma shago cike da kaya ba ya nuna arzikin mai shi, don wataƙila rabin kayan na dila ne da ke jiran kuɗinsa ranar Asabar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba abin kunya ba ne. Abin da ke karya mutum shi ne rashin sanin iyakarsa.

A wannan babi za mu koyi fitar da tsabar dukiya, wato abin da zai rage a hannunka da za ka sayar da duk abin da ka mallaka yau, ka biya duk wanda ke bin ka. Tarawa ce da ɗebewa kawai, kuma duk mun yi su a babukan baya.

Shafi biyu

Ka sami littafin rubutu wanda ba za a yi wani aiki da shi ba sai wannan. Buɗe shi yadda shafi biyu za su fuskance ka. A saman na dama rubuta "Nawa". A saman na hagu rubuta "Na mutane". Sa kwanan wata.

Bari mu ɗauki misali da wani mai shagon kayan masarufi a cikin unguwa. Ga shafinsa na dama:

Kuɗi a hannu: ₦45,000
Asusun banki: ₦180,000
Asusun POS: ₦120,000
Kayan shago: ₦850,000
Firiza: ₦150,000
Babur: ₦400,000
Waya: ₦60,000
Tumaki uku: ₦270,000
Zubin adashi da bai kwasa ba: ₦100,000
Bashin da yake bin mutane: ₦75,000
Jimla: ₦2,250,000

Ga kuma na hagu:

Kuɗin dila na kasuwar Singa: ₦420,000
Ragowar kuɗin haya: ₦80,000
Rancen da ya karɓa wajen yayansa: ₦150,000
Ajiyar da maƙwabciya ta ba shi: ₦50,000
Jimla: ₦700,000

Ɗebe ₦700,000 daga ₦2,250,000, saura ₦1,550,000. Wannan ne nasa.

Lissafin ba wuya. Wuyar tana wajen faɗa wa kai gaskiya a kan kowane layi, kuma a nan nake so mu daɗe.

Kayan shago ana rubuta su a kuɗin da aka saro su, ba kuɗin da ake fatan sayarwa ba, domin riba ba ta zama taka sai ta shiga aljihu. Abin da ya lalace ko kwanansa ya ƙare, cire shi gaba ɗaya. Babur da firiza da waya kuwa, rubuta abin da za a ba ka yau in ka kai su kasuwa, ba abin da ka biya shekara uku da suka wuce ba. In kana shakka, tambayi dillali.

Adashi yana rikita mutane da yawa. Muddin kana zubi ba ka kwasa ba, abin da ka zuba naka ne, yana shafin dama. Ranar da ka kwasa, lissafi ya juya: duk zubin da ya rage maka har zagaye ya ƙare ya zama bashi a wuyanka, sai ya koma hagu. Mutum ya kwashi adashi ya ji kamar ya yi arziki, alhali kuɗin 'yan'uwansa ne ke hannunsa.

Bashin da kake bin mutane, raba shi biyu. Wanda kake da tabbacin za a biya, rubuta shi. Wanda ya shekara biyu, mai shi yana canza hanya in ya hango ka, rubuta shi a bayan littafi don kada a manta, amma kada ka sa shi cikin jimla. In Allah Ya sa ya biya, ka ƙara. Gidan gado ko gonar gado da ba a raba ba, kada ka rubuta duka da sunanka. Haka dukiyar matarka tata ce. Ke ma Hajiya, awakinki da gwal ɗinki da keken ɗinkinki da kuɗin da kika tara na sayar da ƙosai, naki ne, ki buɗe naki littafin. Ajiyar mutane amana ce, ko da tana kwance a asusunka, wurinta shafin hagu.

Wani zai ce wannan rubuce-rubuce bin boko ne. Ba haka ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kuma duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya ga yadda magada ke wahala in mamaci ya tafi da lissafinsa a ka. Sai dai a kula, wannan jimla ba ita ce ake fitar wa zakka kai tsaye ba. Gidan da kake ciki da abin hawanka ba sa shiga zakka, dabbobi da amfanin gona suna da nasu hukunci, kuɗi da kayan sayarwa kuma ana fitar musu da kashi ɗaya cikin arba'in in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Littafinka zai sauƙaƙa wa malamin da za ka tambaya, amma ba zai maye gurbinsa ba.

Gaba kake yi ko baya?

Lissafi sau ɗaya hoto ne kawai. Amfaninsa yana fitowa in ana maimaita shi. Zaɓi rana, misali Juma'ar farko ta kowane wata uku, ka sake cika shafi biyu sababbi. Kada ka goge tsoffin.

A nan akwai tarko. A ce bara mai shagonmu ya sami ₦1,300,000, bana ₦1,550,000. Ya ƙaru da ₦250,000, zai ji daɗi. To amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yuni, farashi bai tsaya ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A shekara irin wannan, wanda ke da ₦1,300,000 sai ya haura ₦1,700,000 kafin a ce ya tsaya inda yake. Ke nan mai shagonmu lambarsa ta hau, ƙarfinsa ya ragu. Dabarar da nake koya wa ɗalibaina ita ce, a ƙasan kowane shafi su rubuta kuɗin buhun shinkafa ko na masara a ranar, sannan su raba jimlar da shi. Buhu nawa dukiyarka za ta saya bara, nawa bana? Buhu ba ya yaudara kamar lamba.

Wayar dubu sittin

Koma ka dubi shafin dama. Waya an rubuta mata ₦60,000. Amma asusun banki da na POS, ₦300,000 ke nan, duk ta cikinta ake shigarsu. Mai shagon nan yana sa wa ƙofarsa kwaɗo biyu da dare, yana biyan mai gadi, sannan ya bar wayarsa a kan benci ya tafi alwala. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, hatta mai shayi da mai nama sun koma karɓar tiransifa. Kuɗi sun ƙaura zuwa waya, tsaron bai bi su ba.

Abu na farko da mutane ba su sani ba: ɓarawon waya sau da yawa layin yake so. Ko ka kulle fuskar wayar, zai zare layin ya sa a ƙaramar waya. Lambobin banki da ake dannawa da tauraro ba sa buƙatar data, kuma duk saƙon banki kan layin nan yake zuwa. Danna *565*0# a kan layin da aka yi rajista da shi yana fito da lambar BVN, wato lambar shaidarka ta banki. Saboda haka layi ma yana da nasa makulli, kuma yana cikin saitin kowace waya. In ka sa masa, duk wayar da aka kai shi sai ta nemi lambar sirri kafin ya yi aiki. In aka yi kuskure sau uku, sai ya rufe ya nemi wata lamba mai suna PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓalle layin daga ciki. Nemi katin nan tukuna ka adana shi, sannan ka sa makullin. In ba ka iya ba, je ofishin kamfanin layin, kada ka bai wa yaron bakin titi.

Lambar sirri kada ta zama 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwarka, ko ƙarshen lambar wayarka. Su ne ɓarawo ke fara gwadawa. Kada lamba ɗaya ta buɗe waya, ta buɗe banki, ta buɗe POS. Na san masu cewa ba za su iya riƙe lambobi uku a ka ba. Mutumin da ya haddace farashin kaya ɗari a shagonsa zai iya. Wanda dole sai ya rubuta, ya rubuta a takarda ya kulle a akwati a gida, ba a bayan katin ATM ko cikin murfin waya ba.

Ga wani abu da ke ci mini rai. Dattijo ya je wajen ATM ko mai POS, don karatu ya yi masa ƙaranci sai ya miƙa kati ga wanda bai sani ba, ya faɗa masa lambar da baki. Wasu a nan ake musanya musu kati da wani mai kama da shi. Baba, lambobi goma ne kacal a jikin na'urar, daga 0 zuwa 9, kuma ka iya su tun babi na farko. Danna da kanka, ka rufe da ɗaya hannun. Ko za ka ɗauki minti biyar, masu layi su jira.

Sai masu kira. Za a kira ka da murya mai daɗi, a ambaci cikakken sunanka, a ce daga banki ne, za a rufe asusunka saboda matsalar BVN ko NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ko kuma ka ci tallafin gwamnati, a turo maka lamba a ce ka karanto. BVN da Babban Banki ya fara a 2014 da NIN ta hukumar NIMC kowacce lamba 11 ce, kuma sanin sunanka ba ya nuna mai kiran ma'aikaci ne. Banki ba ya tambayar lambar sirrinka, ko lambobin jikin katinka, ko lambar wucin gadi da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne. Kashe wayar, ka taka zuwa banki. Gaggawar da yake sa ka ita ce makaminsa.

Haka ake sace WhatsApp. Saƙo ya zo kamar daga ɗan ƙungiyarku ta kasuwa, wai za a yi taro ta intanet, turo lamba shida da aka aiko maka. Kana turawa sun karɓe asusun, sun fara neman rance da sunanka wajen abokan cinikinka. A saitin WhatsApp akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ka sa taka lambar sirri. Minti biyu take ɗauka.

Alat na bogi kuwa ya cinye jarin masu shago da yawa. Mai saye ya nuna maka hoton rasit a wayarsa, ko saƙo ya shigo taka kamar daga banki. Hoto ana ƙirƙirarsa, saƙo ma haka. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun hau kan abin da ke ciki kafin kaya su bar shago. In ya ce sauri yake, ya bar kayan ya dawo. Ba rashin yarda ba ne, ƙa'idar shago ce, kuma in ka rubuta ta a kwali ka liƙa, ba wanda zai ji an ware shi.

Yaron shago ya san abin da aikinsa ke buƙata kawai. Asusun da POS ke zubawa ya zama daban da wanda kake ajiya, kowace yamma ka kwashe ka mayar can, ka gwada abin da na'ura ta nuna da abin da ke littafin ciniki. Ranar da yaro ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, canza lambobi. In za ka kai waya caji ko gyara, zare layinka. Manhajojin ba da rance na nan take da ke neman izinin ganin lambobin mutanenka da hotunanka, ka nisance su, don da waɗannan lambobin suke tozarta wanda ya makara da biya.

Mai shagon da ke da kwamfuta, kamar masu kemis da masu buga takardu, ya sa mata kalmar sirri, ya bar ta tana sabunta kanta, ya daina cusa mata kowane filash da aka kawo. Kamfanin Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka mai tsohuwar kwamfuta ya nemi masani ya duba masa. Lissafin da ke cikinta a riƙa kwafe shi duk mako a ajiye a gida, saboda gobara da ɓarayi.

In an ƙwace waya, kada a tsaya jaje. Ari wayar wani nan take ka kira banki a rufe asusu, sannan kamfanin layi a rufe layi, daga baya a je a karɓo sabo da NIN. Wannan ba zai yiwu ba in lambar kiran bankin tana cikin wayar da aka tafi da ita.

Aikin gida

1. Wata mai ɗinki tana da keke na ₦90,000, yadi na ₦60,000, awaki na ₦110,000, da ₦40,000 a asusu. Ta kwashi adashi, saura zubi huɗu na ₦10,000 kowanne, kuma mai yadi yana bin ta ₦25,000. Nawa ne tsabar dukiyarta?

2. Cika naka shafi biyun a gida. Ba sai ka nuna wa kowa jimlar ba. Ja layi ƙarƙashin duk kuɗin da ake iya taɓawa ta wayarka, ka tara su.

3. A shafin ƙarshe na littafin, rubuta lambar kiran bankinka, wadda ke bayan katin ATM, da ta kamfanin layinka. Kada ka rubuta lambar sirri a wurin.

4. Zo aji na gaba da wayarka da katin da aka ɓalle layinka daga ciki, za mu sa wa layukan makulli tare, kowa ya danna tasa lambar da hannunsa.