Fumfuna a Cikin Sif: Kurakuran da Nake Gani Duk Damina

Duk shekara da Agusta ta kama a nan Bauchi, sai wata ta kira ni hankali a tashe: "Anti, kayana sun yi fumfuna." In na je na duba, kuskuren bara ne aka sake. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babba a ciki shi ne manna sif da bango. Wannan ni ya ci, ba labari aka ba ni ba. Shekarar da na tare, a wani gida wajen Fadaman Mada, masu jere suka danna sif ɗina jikin bangon da ke kallon waje, wai don ɗaki ya yi fili. Ashe bangon yana shan ruwa ta ƙasa, ga feshin ruwan sama ta baya. Ban buɗe ɓangaren kayan lefe ba sai da damina ta yi nisa. Atamfofi huɗu da ko tela ba su gani ba, leshi guda, da takalman fata, duk sun yi tabo baƙi-baƙi da kore. Allon bayan sif ɗin, irin na garin katako da ake matsewa, ya kumbura yana marmashewa a hannu. Ranar na yi kuka sosai, kuma tabon atamfa biyu bai fita ba har na bayar da su.

Fumfuna danshi take so da iskar da ba ta motsi. Abinci kuwa ba ta rasawa: auduga, fata, katako, har sitacin da ke jikin shadda. Abu in ya jiƙe ya yi kwana 1 zuwa 2 bai bushe ba, ta fara kama shi. Don haka ki ja sif ɗinki, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. Ni har ƙananan katakai na sa a ƙarƙashin tawa don ta rabu da siminti. In kin ga bangon ya yi duhu ko fenti na ɓarewa, wannan aikin magini ne, a yi wa maigida ko mai haya magana tun wuri.

Na biyu kuma, haba 'yan uwa, turaren wuta ba magani ba ne! Sai mace ta ji warin rima, ta tura kasko cikin sif ta rufe, ta bi da humra. Warin kika rufe, abin yana nan yana ci, kuma 'ya'yanki na shaƙa. Mai asma a gidan shi zai fara faɗa miki da tari cikin dare. Abin da nake yi: in sa takunkumi, in fitar da kayan tsakar gida kafin in kakkaɓe, don kakkaɓewa a ɗaki baza ta ne ko'ina. In goge cikin sif da farin khal, in bar shi kamar awa 1, in sake gogewa, in bar ƙofofin a buɗe da fanka har katakon ya bushe ƙayau. Wasu sun fi son Hypo. Ni ba na sa shi a katako, kuma yana cinye launin kaya. Amma ko me kika zaɓa, don Allah kada ki haɗa shi da khal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Sauran ƙanana ne. Kayan da kika kwashe daga igiya don hadari ya taso ba su bushe ba, ki goge su, ki bari su huce kafin ki ninke. Ledar da mai wanki ke sako kaya a ciki, cire ta. Kafur na ƙwari ne, ba ya tsotse danshi. Kada ki cusa kaya har ƙofa ta ƙi rufuwa. 'Yan ƙullin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ki daina zubarwa, danshi suke sha, sai dai a ɓoye wa yara. Ina kuma ajiye gawayi cikin tsohuwar safa a kowane lungu, in shanya shi duk mako biyu.

Da hunturu ya shigo za ki ga kamar fumfunar ta tafi. Bushewa kawai ta yi, tana jiran ruwa. Ni a watan Afrilu, rana na kan ganiyarta, nake kwashe komai in shanya, in leƙa bayan sif da tocila.